Yaro ya kwanta lafiya lau, da asuba babu shi: muhawara a zauren Hausawan Makka da Jidda

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau kwana huɗu rabona da barcin kirki. Maƙwabciyata a nan Sharil Mansur, ƙofa da ƙofa muke, ta rasa ɗanta ranar Asabar. Watansa uku da 'yan kwanaki. Yaro ɓul-ɓul, ko mura ba ya yi, da la'asar ma ni na riƙe shi yana ta ɓangale min baki. Ta ba shi nono wajen ƙarfe biyun dare ta kwantar da shi, ana kiran asuba ta kai hannu ta ji shi sanyi ƙalau. An sallace shi a Harami bayan azahar. Shekara nawa ina jin ladan yana sanar da sallar gawar yaro, ban taɓa jin ta soke ni irin ta ranar ba.

Abin da ya sa na kawo maganar nan, uwar mijinta ta kafe wai danne shi ta yi cikin barci. Wasu kuma na cewa baki ne, wai ta cika ɗora hotonsa a waya. Yarinyar ta daina ci ta daina sha. Sai ga shi jiya an turo min wani bidiyo wai masana a Ostareliya sun gano abin da ke kashe jarirai haka, har da gwajin jini. Anti Rabi, ke ce nas a cikinmu, gaskiya ne?

Ummu Rayyan: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa mai ceto ne. Wallahi jikina ya yi sanyi, tawa watanta biyu.

Baban Ammar: Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayen haƙuri.

Hajiya Iya: Kwana ne ya ƙare. Allah Ya ba ta dangana. Amma ku 'yan matan yanzu barci gare ku kamar gawa, gaskiya ɗaya ce.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Yanzu na sauko daga aiki. Maman Sadiƙ, ki miƙa mata ta'aziyyata, Allah Ya sanyaya mata.

Abin yana da suna a asibiti, da Hausa sai mu ce mutuwar fuju'ar jarirai. Tun 1969 aka raɗa masa suna a wani taron likitoci a birnin Siyatil na Amurka. Ana faɗin haka ne idan jaririn da bai cika shekara ba ya rasu kwatsam, galibi cikin barci, aka bincika gawar da ɗakin da tarihin lafiyarsa ba a ga dalili ba. Ya fi aukuwa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kusan tara cikin goma kafin wata shida, kuma ya ɗan fi taɓa maza. Kin ga yaron nan a tsakiyar lokacin yake.

Bidiyon kuwa na san shi, tun 2022 yake yawo. Binciken gaskiya ne. Wata mai bincike ce, Dakta Carmel Harrington, a asibitin yara na Westmead da ke Sidni, ita ma ta taɓa rasa ɗanta ta wannan hanya, shi ya sa ta duƙufa. Sun koma kan ɗigon jinin da ake ɗiba a dunduniyar jariri bayan haihuwa, suka ga wani sinadari da ke da hannu a aikin jijiyoyi ya yi ƙasa a jinin waɗanda suka rasu daga baya. Amma jarirai 26 ne kacal masu wannan mutuwa a binciken, kuma da yawa daga cikin masu rai ma nasu ma'aunin yana ƙasa-ƙasa. Ba za ki auna jariri yau ki ce wannan zai rasu wancan zai tsira ba. Masu bidiyo ne suka ƙara gishiri. Babu wani asibiti da za ki je a yi wa ɗanki wannan gwaji, wanda ya ce miki akwai kuɗinki yake so.

Maman Sadiƙ: To ke nan har yau ba a san komai ba?

Anti Rabi: An san da yawa, sai dai ba abu guda ba ne. Bayanin da masana suka fi tafiya a kai tun 1994 shi ne sai abu uku sun haɗu. Jaririn yana da wani rauni ɓoyayye, yana cikin watannin nan da jikinsa ke koyon daidaita numfashi da barci, sannan wani abu daga waje ya matsa masa, kamar kwanciya rub da ciki ko zafi ko hayaƙi. Raunin kuwa, Dakta Hannah Kinney da abokan aikinta a Boston sun daɗe suna duba can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, inda ake sarrafa numfashi da farkawa. A 2010 suka fitar da cewa sinadarin serotonin ya yi ƙaranci a wurin ga jariran da suka rasu haka. Ni da ke idan bargo ya rufe mana hanci za mu farka mu ture. Lafiyayyen jariri ma zai motsa, ya juya kai, ya yi kuka. Wanda ke da raunin nan ba ya farkawa, yana ta shaƙar iskar da ya fitar har abin ya wuce. Raunin ba ma ganinsa, watannin ba ma iya tsallake su. Na ukun ne a hannunmu.

Hajiya Iya: Rabi, tsaya. Me kika ce game da rub da ciki? Ni na haifi tara, bakwai a Mai Wurno biyu a nan, jikoki kuwa ban ƙirga ba. Duk rub da ciki na kwantar da su, ga su nan garada. Yaro ya sha nono ki shimfiɗe shi rigingine, tumbuɗi ya taso ya shaƙe shi, sai ki ce wa? Kuma ƙeyarsa ta baje kamar faifai.

Ummu Rayyan: Iya, ni ma abin da Ummata ke faɗa ke nan kullum ta waya. A asibiti an ce min rigingine, a gida an ce rub da ciki, na rasa na kamawa sai nake kwantar da ita ta gefe.

Anti Rabi: Iya, Allah Ya ƙara girma, ba musu nake da ke ba, kin riga mu ganin rana. Amma bari in faɗa miki yadda Allah Ya tsara wuyan. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta. In yaro yana rigingine, hanyar abinci ce a ƙasa, duk abin da ya taso nauyinsa zai mayar da shi inda ya fito, kuma yaro yana haɗiyewa ko ya yi tari. In yana rub da ciki, hanyar iska ce ta koma ƙasa, abin da ya taso yana iya taruwa a bakinta. Ƙasashen da suka koma rigingine an sa ido sosai a kan wannan tsoro naki, ba a ga mutuwar shaƙewa ta ƙaru ba.

Ummu Rayyan, gefen ma ki bari. Jaririn da ke gefe da ya ɗan motsa sai ya kife, kuma wanda bai saba da kifewa ba ya fi shiga haɗari ranar da ya kife. Maganar ƙeya kuwa, idan tana farke kina zaune kina kallonta ki kifa ta ta yi wasa, wuyanta ya yi ƙwari. Goyo ma yana taimakawa. Barci ne kawai ake cewa rigingine, na dare da na rana. Ranar da ta iya juyawa da kanta gaba da baya, ki ci gaba da kwantar da ita rigingine, in ta juya ki ƙyale ta.

Baban Ammar: Ni fa ina da ja. Turawan nan yau su ce kaza gobe su ce ba kaza ba. Wa ya san ko nan da shekara goma za su dawo su ce Iya ce da gaskiya?

Ɗan Madina: Yaya Baban Ammar, a nan kam ka taɓo wuri. Ni ba likita ba ne amma na ɗan bi tarihin abin lokacin da aka haifa min 'ya. Su Turawan ne da kansu suka yayata rub da ciki, tun daga wajen 1950 har ƙarshen shekarun 1980, likitocinsu na faɗa wa iyaye haka, da wannan hujjar ta tumbuɗi da Iya ta kawo. Hasashe ne suka yi, ba su gwada ba. Sai a 1985 wani likita a Hong Kong ya rubuta cewa abin mamaki wannan mutuwa ba ta cika faruwa a can ba, duk da cunkoson gidaje, kuma mutanen can rigingine suke kwantar da 'ya'yansu. Holan ta fara gangamin a daina kwantar da jarirai rub da ciki a 1987. Aka yi manyan bincike a Biristol ta Ingila da kuma Niyu Zilan, ana kwatanta gidajen da aka yi rashi da waɗanda ba a yi ba. Ingila ta yi nata gangamin a 1991, Amurka a 1994. A Amurka a 1990 jarirai wajen 130 ne cikin kowane 100,000 ke rasuwa haka, zuwa 2020 sun koma wajen 38. A 2005 wasu masana a Landan suka lissafa cewa da an duba hujjojin da ke ƙasa tun 1970, da an tsirar da aƙalla jarirai 50,000 a Turai da Amurka da yankin Ostareliya. Wato sun canza magana, gaskiya ne, amma na farkon zato ne, na biyun kuwa kaburbura aka ƙirga.

Baban Ammar: Ustaz, ka ɗaure ni. Na yi shiru.

Hajiya Iya: Ni dai ba Bature ne ya koya min ba, uwata ce.

Anti Rabi: Haka ne Iya. Kuma naki sun rayu don mafi yawan jarirai ba su da raunin nan, ko yaya aka kwantar da su za su tashi. Matsalar ba mu san wanne ne mai shi ba.

Maman Fawwaz: Ni tambayata ta talaka ce. Ana ta cewa jariri gadonsa daban. Mu bakwai ne a ɗaki biyu a Hindawiyya, ina zan kafa gado? Kuma mai shayarwa da dare sau huɗu sau biyar, wa zai iya tashi yana ɗauko yana mayarwa? A faɗa mana abin da zai yiwu.

Anti Rabi: Wannan ita ce tambayar. Abin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsaya a kai, har a sabuwar shawararta ta 2022, shi ne ɗaki ɗaya, shimfiɗa daban, aƙalla wata shidan farko. Kwana ɗaki ɗaya da uwa yana rage haɗarin har kusan rabi, wannan kuwa mu tun fil azal haka muke, Turawa ne ke kai jariri wani ɗaki shi kaɗai. Shimfiɗa daban ba lallai gadon riyal ɗari biyar ba. 'Yar katifa mai tauri, a kwance sumul ba tudu, a gefen taki a ƙasa, ba matashi, ba bargo mai laushi, ba 'yar tsana, ba yayye a kusa. Kin miƙa hannu kin ɗauko, kin gama kin mayar.

Na san duk da haka barci zai sace ki wata rana yana jikinki. To ki gyara gadon tun kafin ki kwanta, ki kawar da matasai da bargon nan mai nauyi da muke saye a kasuwa lokacin sanyi, kar ya kwanta jikin bango inda zai faɗa rami tsakanin katifa da bango. Akwai lokutan da ko kusa kar a haɗa shimfiɗa: in bakwaini ne ko an haife shi ƙarami, in bai kai wata huɗu ba an fi jin tsoro, in uwa ko uba na shan taba, in kin sha maganin da ke sa barci, har da na mura. Mafi muni duka kanaba, wato doguwar kujerar falo. Mace ta ce bari in zauna a kanaba in ba shi nono don kar barci ya ɗauke ni a gado, sai barcin ya ɗauke ta a can, yaro ya zame tsakaninta da jingina. Gara gadon sau goma.

Ummu Rayyan: Wayyo, ni ce nan mai kanaba.

Maman Fawwaz: To mahad fa? Maƙwabtana Larabawa duk naɗe 'ya'yansu suke tamau kamar alkaki, ni ma na koya, barci yake sosai.

Anti Rabi: In za ki naɗe, da yadi marar kauri, kar ki matse ƙugu da ƙafafu, kuma rigingine kawai. Naɗaɗɗen jariri rub da ciki shi ne mafi haɗari, don ba shi da hannun da zai ɗaga kansa. Da kin ga ya fara yunƙurin juyawa, wasu tun wata biyu zuwa uku, an gama da mahad.

Zafi ma a kula. Mu a nan abin dariya ne, mu ƙure mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sannan mu ji tausayin yaro mu sa masa riga uku da hula da safa da bargo. Ko wuta ta ɗauke, ko mukayyif ya mutu cikin dare, yaro na nan a jibge. Ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in da gumi ki rage. Tafin hannu da ƙafa kar su ruɗe ki, dama sanyi gare su. Hula a cikin ɗaki lokacin barci ba a so, ta kai yake fitar da zafi. Haka masu goyo a rufe yaro ruf da abaya a cikin cunkoson Harami, a riƙa leƙa fuskarsa.

Baban Ammar: Anti, kin ambaci taba. A baranda nake sha, ban taɓa sha a ɗaki ba.

Anti Rabi: Ƙanena, ban kira suna ba, kai ka kawo kanka. Bayan maganar kwanciya, hayaƙi ne babban abu. Wani bincike da ya fito a 2019, wanda ya duba haihuwa sama da miliyan 20 a Amurka, ya nuna mai ciki ko kara ɗaya take sha a rana haɗarin ya ninka. Bayan haihuwa ma hayaƙin gida yana ƙarawa. Baranda ta fi ɗaki, amma ka canza riga ka wanke hannu kafin ka ɗauke shi, kuma kar ya kwana shimfiɗarka. Matan da ke ganin shisha ba taba ba ce, taba ce.

Hajiya Iya: Saura ki ce turaren wuta ma haramun ne. Ɗakin mai jego ba turare ai ba ɗaki ba ne.

Anti Rabi: Ni na isa, Iya? Ni ma ina da kaskona. A turara ɗaki yaro na wani wuri, a buɗe taga hayaƙin ya fita, sannan a shigo da shi. Hayaƙi ko na oud ne huhun jariri ba ya so. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kar a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, wannan manya ma yana kashewa.

Abu Usama: Kun bar babban abu. Ku lura da kyau, wata biyu allura, wata huɗu allura, kuma Anti ta ce a daidai nan ake mutuwar. Mai hankali ya haɗa.

Anti Rabi: Malam, an haɗa tun tuni, don kowa ya lura da wannan. An kwatanta jariran da aka yi wa rigakafi da waɗanda ba a yi wa ba a ƙasashe da dama, ba a ga allura na jawowa ba, waɗanda aka yi wa ma haɗarinsu ya fi ƙasa. Lokaci ne ya zo ɗaya. Kuma ka duba alƙaluman da Ustaz ya kawo: daga 1990 zuwa yau alluran yara ƙaruwa suka yi, mutuwar kuwa raguwa ta yi.

Abu Usama: Allahu a'alam. Ni dai ban gamsu ba.

Ummu Rayyan: Anti, ba abin da ke karewa sai hani?

Anti Rabi: Akwai, kuma kina yi. Nono. Wani nazari na 2017 da ya tattara bincike takwas ya nuna shayarwa ta aƙalla wata biyu tana rage haɗarin kusan rabi, ko da ana haɗawa da madarar gwangwani. Lahaya ma, wato robar tsotson jariri, lokacin barci an ga tana taimakawa, bayan ya kama nono sosai, amma ba a rataya masa ita da igiya a wuya. Sai zuma, tunda muna kan maganar: kar a lasa wa jariri sai ya cika shekara, akwai ƙwayar cutar da ke iya kasancewa a ciki da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, tana saki masa jiki har numfashi. Kujerun lilo masu tudu kuma ba wurin barci ba ne, a 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye guda miliyan 4.7 daga kasuwa bayan mutuwar jarirai a cikinsu. Irinsu na nan a haraji, kasuwar kayan hannu, ana sayarwa da araha.

Maman Sadiƙ: Jama'a na gode, amma kun tafi kun bar ni da yarinyar mutane. Ni yanzu in na karanta mata duk wannan ai cewa za ta yi ita ta kashe shi. Rub da ciki take kwantar da shi, kuma uwar mijin ce ma ta koya mata.

Anti Rabi: Kar ki karanta mata yanzu. Kuma kar ki je ki juya laifin kan tsohuwar, ita ma abin da ta gada ta bayar. Waɗannan abubuwa rage haɗari suke, ba sa kawar da shi. Akwai waɗanda suka kiyaye komai suka yi rashi. Wanda bai binciki yaron ba ba shi da bakin cewa danne shi aka yi.

Ɗan Madina: Zargin uwa ba mu kaɗai ba ne. A Ingila an ɗaure wata lauya, Sally Clark, a 1999 bayan ta rasa jarirai biyu, wani babban likita ya shaida wa kotu wai yiwuwar hakan ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin kuskure ne, aka sake ta a 2003, ba ta ƙara dawowa daidai ba har ta rasu a 2007. A Ostareliya Kathleen Folbigg ta yi shekara 20 a kurkuku kan 'ya'yanta huɗu, sai da masana suka gano wani lahani na gado da ke taɓa bugun zuciya a jikin 'ya'yanta mata biyu aka sake ta a 2023. Da na karanta sai na tuna matan da muke ce wa masu wabi, ana tsangwamarsu ana raɗa wa 'ya'yansu sunaye. A gidan da abin ya maimaitu, likitan zuciya ya kamata a nema.

Malam Abu Usama ya fi ni sanin cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya binne ɗansa Ibrahim yana ƙaramin yaro, idonsa ya zubar da hawaye. Wannan ya kamata a tuna mata.

Abu Usama: Wannan haka yake. Kuma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a kan uwa.

Hajiya Iya: Maman Sadiƙ, uwar mijin 'yar ina ce?

Maman Sadiƙ: Mutuniyar Gadarif ce, Iya. Sa'arki ce ko ta ɗan girme ki.

Hajiya Iya: To ku yara ba za ta ji maganarku ba. Bayan isha'i ki turo Sadiƙ ya zo ya tafi da ni. Ba zan je da maganar rigingine ba, wannan tsakanina da Rabi ne, ba mu gama ba. Na farkona ma a hannuna ya tafi yana wata huɗu, shi ne ban sa a cikin taran ba. Shekara hamsin ke nan, har yau ina jin abin da kishiyar uwata ta faɗa min ranar.

Anti Rabi: Allah Ya jiƙansa, Iya. Ban taɓa sani ba.

Maman Fawwaz: Amin. Wanda zai shiga Jidda ranar Juma'a ya duba min 'yar katifa mai tauri a Sawarikh, sabuwa ba ta hannu ba, zan ba da kuɗin.

Baban Ammar: Ina da lodi can ranar Alhamis. Turo min tsawo da faɗi.